Me Ya Sa Ake Bin Shugaba? Tsohuwar Ƙwaƙwalwa a Cikin Sabuwar Ma'aikata

Matashiya

A shekarar 2009 wasu malamai biyu na Jami'ar Lausanne da ke ƙasar Suwizalan, John Antonakis da Olaf Dalgas, sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi wa yara 681 masu shekaru 5 zuwa 13. Kowane yaro an zaunar da shi gaban kwamfuta ya buga wani wasa na tafiya a jirgin ruwa. Da ya gama sai a nuna masa hotunan mutum biyu, a ce ya zaɓi wanda yake so ya zama kyaftin ɗin jirginsa. Abin da yaran ba su sani ba shi ne, hotunan na 'yan takara ne da suka kara da juna a zagaye na biyu na zaɓen majalisar dokokin Faransa na shekarar 2002. A kashi 71 cikin 100 na zaɓin da yaran suka yi, wanda suka nuna shi ne wanda ya lashe zaɓen a zahiri.

Yaran nan ba su san sunan ɗan takara ko ɗaya ba, balle jam'iyyarsa ko manufofinsa. Fuska kawai suka kalla, amma zaɓinsu ya zo ɗaya da na dubban manya da suka kaɗa ƙuri'a. Wannan na nuna cewa akwai wani ma'auni a ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ke yanke hukuncin wanda ya dace da shugabanci tun kafin tunani ya soma aiki. Darasin yau zai duba inda ma'aunin ya samo asali, da inda yake taimako, da kuma inda yake jefa kamfanoni da masu riƙe da wayar salula cikin asara.

Wane fanni ne wannan?

Fannin da ke nazarin wannan batu reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ke neman asalin ɗabi'u a irin rayuwar da mutanen farko suka yi. Ya ginu ne a kan nazariyyar juyin halitta ta Charles Darwin, wadda jama'a da yawa ke ja da wasu ɓangarorinta ta fuskar aƙida. Abin da ya shafi wannan darasi bai kai can ba. Ya tsaya ne a kan abin da masana tarihi suka tabbatar: ɗan Adam ya shafe mafi yawan zamansa a duniya cikin ƙananan ayari na mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace, noma bai wuce shekara 12,000 da somawa ba, kamfani mai dubban ma'aikata kuwa jiya-jiya ya zo.

Wanda ya fi shahara wajen ɗora wannan tunani a kan shugabanci shi ne Farfesa Mark van Vugt, ɗan ƙasar Holan. A wata maƙala da ya fitar a 2008 tare da Robert Hogan da Robert Kaiser, sun juya tambayar da aka saba yi. Son zama shugaba ba abin mamaki ba ne, kowa ya ga ribarsa. Abin tambaya shi ne, me zai sa mutum mai hankali ya yarda ya bi wani? Amsarsu ita ce, ayari na da matsalolin da ba su warwaruwa sai an bi mutum ɗaya: ina za a dosa, yaushe za a tashi, wa zai raba faɗa, yaya za a tari abokan gaba. Ayarin da ya iya daidaita waɗannan ya tsira, wanda ya kasa ya watse. Ke nan shugabanci hidima ce da mabiya ke saye, kuɗin da suke biya kuwa shi ne girmamawa.

Yadda mutanen farko suka riƙe shugabanninsu

Mutane da yawa na ɗauka cewa a zamanin da, ƙaton da ya fi kowa ƙarfi shi ke juya kowa. Binciken da aka yi a kan al'ummomin mafarauta da suka rage a duniya ya nuna saɓanin haka. Richard Lee, wani masani ɗan Kanada da ya zauna da ƙabilar Kung a hamadar Kalahari, ya ba da labari a 1969 cewa ya taɓa saya musu wani ƙaton sa mai ƙiba don su yi walima. Maimakon godiya, sai kowa ya shiga kushe san, ana cewa tsoho ne, ƙashi ne zalla, ba zai ƙosar da kowa ba. Da aka yanka aka ga kitse jibge, ya nemi ba'asi, sai aka bayyana masa cewa al'adarsu ce. Duk mafaraucin da ya kawo babban nama sai an kushe naman, don kada kansa ya kumbura ya fara ganin sauran jama'a bayinsa ne.

Christopher Boehm ya tattara irin waɗannan bayanai daga al'ummomi da dama a littafin da ya fitar a 1999. Ya gano cewa jama'a na da matakan ladabtar da mai neman ɗora kansa a kansu: tsegumi, sai ba'a, sai ƙin bin umarni, sai a kwashe kaya a bar masa wurin, in abin ya ƙi ci sai kora ko kisa. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Shugabanci a irin wannan ayari na wucin gadi ne. Gwanin farauta ke gaba ranar farauta, dattijuwar da ta san magani ke gaba ranar da wani ya kwanta, kuma kowa na ganin aikin kowa da idonsa kullum.

Fasahar zamani ta nuna cewa ko a cikin dabbobi ma ba kullum ƙarfi ke jan ragama ba. A wani bincike da aka buga a 2015, masana sun rataya wa gogon biri 25 na'urar GPS a wuya a cibiyar Mpala da ke Kenya, tana rubuta inda kowanne yake a kowace daƙiƙa. Sun gano cewa in garken zai tashi, ba babban namijin ake bi ba. Ɓangaren da birai suka fi yawa wajen dosa shi ke rinjaye.

Hanyoyi biyu na hawa sama

A 2001, Joseph Henrich da Francisco Gil-White sun raba matsayi a tsakanin mutane gida biyu. Na farko shi ne fin ƙarfi, inda ake bin mutum saboda tsoron abin da zai iya yi: kora, yanke albashi, tozartawa a gaban jama'a. Na biyu shi ne ƙima, inda ake bin mutum saboda yana da ilimi ko gwanintar da ake son koya ko amfana da ita. Bambanta su ba wuya. Mai fin ƙarfi ana sunkuyar da kai in ya shigo, ana sauke numfashi in ya fita. Mai ƙima kuwa matsowa kusa da shi ake yi, ana kallon hannunsa, ana kwaikwayonsa. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran waya ya ga yadda yara ke zagaye ƙwararren da ya iya karanta allon waya, ko da ba shi ne mai shagon ba. Sarautar sarkin noma ta gargajiya, wadda ake ba manomin da ya tara dami dubu, ita ma irin wannan ce: kowa ya ga damman da idonsa kafin a naɗa rawani.

Gwaje-gwajen da Joey Cheng da abokan aikinta suka buga a 2013 sun nuna cewa duka hanyoyin biyu na kai mutum ga samun faɗa a ji a cikin rukuni, sai dai mai ƙima ne kaɗai ke haɗawa da ƙaunar jama'a. Inda matsala take shi ne abin da ke faruwa bayan an hau kujera. Jon Maner da Nicole Mead sun gano a 2010 cewa shugaba mai son fin ƙarfi, da zarar ya ji kujerarsa na rawa, yakan ɓoye wa rukuninsa bayanai masu amfani, ya kuma nemi ware wanda ya fi kowa ƙwarewa a cikinsu, ko da hakan zai ja wa aikin koma baya.

Duniyar fasaha na da misalan kowanne. Linus Torvalds ya ƙirƙiro Linux a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki, kuma a kan wannan gini ne babbar manhajar Android take zaune. Dubban masu gina manhaja na aiko masa da gudummawa daga ko'ina a duniya, alhali ba shi ke biyansu albashi ba, ba shi da ikon korar kowa daga aikinsa. Suna bin sa ne don sun yarda da idonsa a kan aikin. Duk da haka, da zafin harshensa ya yi yawa, a watan Satumba na 2018 sai da ya fito ya ba da haƙuri, ya ja gefe na ɗan lokaci. A ɗaya ɓangaren akwai Travis Kalanick na kamfanin Uber, wanda ya gina kamfanin cikin sauri da salon murƙushe duk abin da ya tare hanya. A 2017 wata tsohuwar injiniyar kamfanin, Susan Fowler, ta wallafa bayanin cin zarafin da ta ce ana yi a ciki, bidiyonsa yana cacar baki da wani direban Uber ya bazu, masu amfani da manhajar da dama suka goge ta daga wayoyinsu. Zuwa watan Yuni masu zuba jari sun tilasta masa sauka.

To me ya sa har yanzu ake ɗauko masu fin ƙarfi? Tsoro. Wani bincike na Hemant Kakkar da Niro Sivanathan da ya fito a 2017, wanda ya haɗa bayanai daga ƙasashe 69, ya nuna cewa duk lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, jama'a suka ji al'amura sun kuɓuce musu, sha'awar shugaba mai ƙarfin hannu na ƙaruwa. Kamfanin da ke tangal-tangal ma haka yake yi.

Saɓanin zamani

Zuciyar wannan fanni ita ce abin da za a iya kira saɓanin zamani, wato ɗabi'ar da ta yi amfani a tsohon muhalli ta zama matsala a sabo. Misali mafi sauƙi shi ne zaƙi. Lokacin da zuma sai an hau bishiya an sha harbi kafin a samu, kwaɗayin zaƙi alheri ne. Yanzu da lemon kwalba ke kowane lungu, kwaɗayin nan shi ke kai mutane ga ciwon sukari. Ƙwaƙwalwa kamar tsohuwar babbar manhaja ce da aka ɗora wa sabuwar waya: tana aiki, amma wasu saitunanta na wancan zamanin ne.

Saiti na farko shi ne siffar jiki. A ayarin da shugaba ke shiga gaba ranar faɗa, tsawo da ƙirar jiki da kaurin murya na da ma'ana. A ofishin da aikin shugaba shi ne karanta lissafi da zaɓen ma'aikata, ba su da wani amfani, amma har yanzu ana biyansu kuɗi. Timothy Judge da Daniel Cable sun lissafa a 2004 cewa kowane inci ɗaya na ƙarin tsawo na tafiya da ƙarin kusan dala 789 a albashin shekara. Wani bincike na 2013 da ya saurari muryoyin shugabannin kamfanoni maza 792 a Amurka ya gano cewa masu kaurin murya sun fi riƙe manyan kamfanoni da ɗaukar albashi mai tsoka. Alexander Todorov na Jami'ar Princeton kuma ya nuna a 2005 cewa kallon fuskokin 'yan takara na daƙiƙa ɗaya tak ya isa a yi hasashen kusan kashi 69 cikin 100 na sakamakon zaɓen majalisar dattawan Amurka na 2004. Waɗanda wannan saiti ke cutarwa a bayyane suke: mata, gajeru, masu sanyin murya, da duk ƙwararren da bai iya tallata kansa ba.

Wanda ya gane saitin zai iya yin wasa da shi. Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos a 2003, tana iƙirarin cewa na'urarta za ta yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jini daga yatsa. Tana sanya baƙar riga mai wuya irin ta Steve Jobs, tana magana da murya mai kauri, ta kuma cika hukumar gudanarwar kamfanin da manyan mutane irin su Henry Kissinger da George Shultz, waɗanda ba gwajin jini ne fanninsu ba. Zuwa 2014 an ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9. A watan Oktoba na 2015 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa na'urar ba ta yin abin da ake faɗa. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11. Duk alamomin shugabanci sun cika, abin da babu shi ne na'urar da ke aiki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saiti na biyu shi ne yawan jama'a. A 1992 Robin Dunbar, masani ɗan Ingila, ya kwatanta girman ƙwaƙwalwar birai iri-iri da girman garkensu, ya yi hasashen cewa ɗan Adam ba ya iya riƙe hulɗa ta sanayya da fiye da mutum 150 ko kusa da haka. A ƙasa da wannan adadi, kowa ya san mai ƙoƙari da malalaci ba sai an duba takarda ba. In an haura, sai dokoki da fom da matakan manajoji su maye gurbin sanayya. Ma'aikacin Walmart, kamfanin da ke da ma'aikata sama da miliyan 2, zai iya ƙare aikinsa bai taɓa haɗa ido da shugabansa ba. Ba'a da tsegumin da ke saisaita mafaraucin Kalahari ba sa isa hawa na sama. Sannan ba mabiya ke zaɓen manaja ba, na sama da shi ne ke naɗa shi, don haka ya fi damuwa da faranta wa na sama.

Wasu kamfanoni sun ɗauki darasi. Kamfanin W. L. Gore, mai yin yadin Gore-Tex, ya daɗe da al'adar buɗe sabuwar masana'anta da zarar ma'aikatan wata sun doshi 150 zuwa 200. Jeff Bezos ya kafa wa Amazon ƙa'idar cewa kada rukunin aiki ya wuce yawan mutanen da faifan fiza biyu zai ƙosar. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a kan dala biliyan 19 a 2014, ma'aikatan WhatsApp 55 ne kacal.

Sai dai kada a ɗauka cewa maganin shi ne a soke shugabanni. Google ya gwada haka a 2002, ya cire manajojin injiniyoyi gaba ɗaya. Watanni kaɗan aka yi aka dawo da su, domin kowa ya koma kai wa Larry Page ƙorafin kuɗin aiki da rigingimun ofis kai tsaye. Daga baya kamfanin ya binciki halayen manajojinsa mafi nagarta, ya fitar da guda takwas. Na farko a jerin shi ne iya horar da na ƙasa, zurfin sanin fasaha kuwa shi ya zo na ƙarshe.

Mabiya ba su rasa makaminsu ba

Tsohon makamin nan na kwashe kaya a bar wa shugaba wuri yana nan, musamman inda ƙwarewa ke da tsada. Bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, masu gina manhajar OpenOffice da ba su gamsu da sabon mai gida ba sun kwafi aikin suka kafa LibreOffice. A ranar 17 ga Nuwamba, 2023, hukumar gudanarwar OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ta kori shugabansa Sam Altman. Cikin kwanaki kaɗan ma'aikata sama da 700 daga cikin kusan 770 suka sa hannu a wasiƙar barazanar ajiye aiki, kafin mako ya zagayo an mayar da shi. Wannan bai tabbatar da cewa shi ke da gaskiya ba, tun da da yawa daga cikin ma'aikatan na da hannun jarin da suke tsoron ya karye. Abin da ya nuna shi ne, kujerar da mabiya suka janye wa hannu ba ta tsayuwa.

Inda ake sukar fannin

Mai karatu ya riƙe wannan ilimi da taka-tsantsan. Ƙwaƙwalwar mutanen da ba ta bar kufai ba, don haka yana da sauƙi mutum ya ƙirƙiro labari mai daɗi game da asalin kowace ɗabi'a ba tare da hanyar gwada shi ba. Adadin Dunbar ma bai tsira ba: masana a Jami'ar Stockholm sun sake lissafin a 2021 suka ce bayanan ba su isa a tsayar da adadi guda ba. David Graeber da David Wengrow, a littafinsu na shekarar, sun kawo hujjojin cewa mutanen farko sun gwada tsare-tsaren mulki iri-iri, ba duka ne ƙananan ayari masu daidaito ba. Yawancin gwaje-gwajen kuma an yi su ne a kan ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka. Abu mafi muhimmanci, bayyana asalin ɗabi'a ba halasta ta ba ne. Sanin dalilin da ya sa ido ke karkata ga dogon namiji hujja ce ta gyara yadda ake tantance ma'aikata, ba ta ci gaba da ware mata ba.

Kammalawa

A fuskar waya, saɓanin zamani ya fi tsanani. Mutanen da sun gane mai ƙima ne ta hanyar duba wanda jama'a suka fi kallo, kuma wannan dabara ta yi aiki domin masu kallon sun ga aikinsa. A yau yawan mabiya a TikTok ko Instagram na kunna wannan saiti, alhali ana iya sayen mabiya, ana iya aron mota a ɗauki hoto. Kafin matashi ya miƙa kuɗinsa, ko lokacinsa, ko ƙuri'arsa ga wani, ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi:

1. Wane aiki nasa na gani da idona, ban da maganarsa da hotonsa?
2. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, me suke cewa bayan sun bar shi?
3. Yaya yake yi in wani a rukuninsa ya fi shi sani: jawo shi yake ko ture shi?
4. Ana iya faɗa masa ya yi kuskure a kwana lafiya?
5. Da gajere ne mai siririyar murya, zan saurari wannan maganar tasa?

Wanda kuma aka ba riƙon wani abu, ko shagon caji ne, ko ƙaramin kamfanin manhaja, ko zauren WhatsApp mai ɗaukar mutum 1,024, tambayoyin nan biyar su ne mabiyansa ke yi a kansa a ɓoye. Maɓallin cire mutum daga zaure na hannun admin, amma maɓallin fita na hannun kowa.